Ɗakin Gam

Kowa a layin Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. A bakin ƙaninsa Auta aka samo sunan, don wuni yake yi yana ƙwala masa kira daga ɗakin gaba, har mai walda na kusa da su ya ɗauka, mai faci ya ɗauka, sunan ya bi shi.

Shagon takalma ne mai ɗaki biyu. A ɗakin gaba akwai kanta, da madubi a jingine a ƙasa don mai saye ya ga ƙafarsa, da keken ɗinki inda wata mata mai yawan shiru ke haɗa saman takalmi. A ɗakin baya kuwa sai tebur gajere, da kujera 'yar tsugunno, da katakan ƙafa a rataye jere a jikin bango, manya da ƙanana. Nan ne wurin Yaya. Shi ya fara sana'ar, shi ya koya wa Auta riƙon basilla tun hannunsa bai kai ya zagaye ƙotarta ba. Amma Allah ya ba Yaya hannu ne, ya ba Auta baki. Matar Yaya takan ce Auta zai iya sayar wa mutum takalmi hagu da hagu, mutumin ya tafi yana godiya. Ba wanda ya taɓa zama ya raba musu, a hankali dai shagon ya zama na Auta, Yaya kuma bai damu ba. Shi dai a bar shi da fatarsa da gudumarsa.

Aikinsa liƙa ƙasan takalmi. Zai kankare fuskokin biyu, ya shafa gam da buroshi, ya jera su a kan tebur, sannan ya jira. Yakan ce gam ba ya son gaggawa, wanda ya haɗa shi da ɗanye shi zai ga takalmin ya dawo yana buɗe baki. Sai ya taɓa da bayan yatsa ya ji ya daina bin hannu, sannan ya haɗa, ya bi da guduma. A cikin jiran nan yake sauraren rediyo, yake leƙawa ta taga ya tsokani mai walda.

Shekarar da abin ya faru, Auta ya samo aikin da bai taɓa samun irinsa ba: takalman ɗalibai na makarantu da dama, baƙaƙe masu igiya. Ya ce da tsohon gam ba za su gama ba ko da za su kwana a tsaye. Ya shigo da sabon gam, da wasu jarkoki marasa rubutu ko ɗaya a jikinsu, cike da wani ruwa da ake tsinka gam ɗin da shi. Ruwan fari ne tas, ka rantse na famfo ne, sai dai jarkarsa ba ta kai ta ruwa nauyi ba. In ya ɗiga a tebur, kafin ka nuna wa wani ya ɓace. In ya taɓa hannu sai ka ji sanyi, shi ya sa suka sa masa ruwan sanyi. Warinsa kamar na fetur ne da aka rage wa ƙarfi, ba ya hawa kai da farko. Yaya ya zuba shi a bokitin ruwa wata rana, ya ga ya taso sama ya kwanta, ya ƙi haɗuwa.

Yaya ya yaba da shi ƙwarai. Gam da a da sai an ji labarai an gama kafin ya yi, yanzu kafin ka shafa na biyar na farko ya shirya. Ga shi yana wanke hannu. Shekara da shekaru yana murje busasshen gam da yashi da sabulu, yanzu tsumma kawai zai jiƙa ya goge, hannu ya fita fes, sai dai fatar takan yi fari ta bushe kamar ta wanda ya wuni a cikin siminti.

Abu ɗaya ne ya ba shi tsoro. Ya jiƙa ɗan tsumma ya fita da shi fili don ya gwada, ya ƙyasta ashana, tun bai kai ta kusa ba wutar ta yi tsalle ta kama tsumman, har ta babbake masa gashin hannu. Ya tsaya yana kallon tagar ɗakinsa, wadda ke fuskantar filin mai walda, inda tartsatsi ke tashi tun safe. A ranar ya samo katako ya rufe tagar, ya buga ƙusoshi, ya cusa tsumma a duk inda ya ga haske. Ya hana kowa shiga da ashana. Ƙofar tsakiya ma aka koma rufe ta, don mai ɗinki ta ce warin yana sa mata ciwon kai, masu saye kuma suna toshe hanci. Auta ya yi ta ba mutane labarin hankalin yayansa.

Haka ya zauna wata da watanni, a ƙasa-ƙasa kan 'yar tsugunno, gwangwanin gam a buɗe tsakanin ƙafafunsa, kwan lantarki ɗaya a bisa kansa. Da yamma yakan fito kansa na yawo kamar wanda ya sauko daga mota bayan doguwar tafiya. Ya ɗauka gajiya ce. Daga baya ya fara jin yatsun ƙafarsa kamar ya sa safa mai kauri, ko da kuwa ba komai a ƙafar. Ya ɗauka zama ne.

Wata rana yana komawa gida wata mata ta bi shi da kira, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Nasa ne. Ya zame tun a kwanar baya, ya yi ta tafiya a kan tsakuwa bai sani ba. Da ya ba matarsa labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mai yi wa duniya takalmi nasa ya gudu ya bar shi. Tana cikin dariyar ta duba tafin ƙafar, ta ga ƙwalba ta yanke shi, jini har ya bushe. Ta danna wurin da yatsa ta tambaye shi ko da zafi. Ya ce ina ta taɓa? Dariyar ta tsaya a nan.

Ƙaramin asibitin unguwa suka fara zuwa. Aka ce ƙila ciwon suga ne, aka auna, babu. Aka ba shi ƙwayoyin ƙarin jini ya yi ta sha. Abin bai tsaya ba. Ƙafar ta fara faɗuwa daga idon sawu, sai ya ɗaga gwiwa sama kamar mai ratsa ruwa kafin yatsun su bar ƙasa, in ya sauke kuma ta yi faf. Tsallake kwata ya zama aiki. Sannan abin ya hau hannu: maɓallin riga ya gagare shi, guduma ta fara suɓucewa.

Mutanen layi suna da ido. Ga mutum yana fitowa daga rufaffen ɗaki yana tangaɗi, idanu ja, jiki na warin gam. Mai walda ne ya fara da wasa, ya ce Yaya a rage shan kayan aiki. Yaya ya yi dariya. Amma wata yamma yana wucewa ya ji mai faci yana gaya wa wani direba cewa ai dattijon nan sholisho yake shaƙa, shi ya sa ya toshe tagarsa don kada a gan shi. Bai juya ba. Ya isa gida bai iya cin abinci ba, bai kuma gaya wa matarsa dalili ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai bai wuce ranar da Auta ya shigo ɗakin baya ya mayar da ƙofa ya rufe ba. Ya daɗe yana jujjuya wani katakon ƙafa a hannu kafin ya yi magana.

"Yaya, ni da kai ne a nan. In akwai abin da kake sha, ka faɗa min. Ba wanda zai ji."

Yaya ya dube shi. Yaron da ya goya zuwa makaranta, ya wanke wa kashi bayan rasuwar ubansu.

"Kai ma?" Abin da ya iya cewa ke nan.

Auta ya fita yana ba da haƙuri, amma maganar ta riga ta fita, ba ta kuma komawa.

Ba a daɗe ba, wata rana Yaya ya zo tashi daga kujerar ya kasa. Ya dafa tebur, hannun ya ƙi ɗaukarsa, ya kife a kan takalman da ya jera. Mai ɗinki ce ta ji ƙarar ta buɗe ƙofa. Auta ya sa shi a motar haya, ya ce ya zauna a gida har ya warke, ba abin da zai rasa.

Amma aiki bai kai rabi ba, kuma liƙi ba kowa ke iya shi ba. Matar Yaya ta iya. Farkon aurensu a tsakar gida yake aiki, ita ke shafa masa gam yana bugawa. Ita da kanta ta ce za ta hau kujerar, yaran sun yi wayo, babbar za ta kula da ƙaramar in sun dawo makaranta. Auta ya ji daɗi, ya ce dama ya san ita ce ke da hannun, Yaya suna kawai ya tara. Ta ce ya bari ta karɓe shagon tukuna, shi ma zai koma shara. Yaya yana kwance yana jin su yana murmushi. Shi ya zaunar da ita ya karanta mata dokokin ɗakin: kada ta bar ƙofa a buɗe, kada ta taɓa katakon taga, ta jawo gwangwanin kusa da ita don kada buroshi ya bushe a hanya, in ta gama ta goge hannu da ruwan sanyi.

Ya ɗauka hutu zai tashe shi. Sai ga shi a gida abin ya ci gaba kamar an ƙara masa mai. Ƙafafun suka rame, ƙwaurin ya koma kamar sanda. Tsayuwa ta gagara. Kofi sai da hannu biyu, shi ma yana zuba. Banɗaki sai an kai shi, babbar 'yarsa ta riƙe gefe ɗaya tana kawar da kai, uwarta ta riƙe ɗaya. Inna, mahaifiyarsu, da ke zaune a gidan Auta, ta zo ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ya taka. Ta kawo jiƙe-jiƙe da na shafawa. Ya sha don kada ranta ya ɓaci. Da yamma in matarsa ta dawo da warin ɗakin a tufafinta, har wani kewa yake ji.

Sai da ƙaramin asibitin ya gaji da su ya tura su babba. Likitar da suka samu mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan fara'a amma ba ta gaggawa. Ta buga masa 'yar gudumar roba a bayan idon sawu, ƙafar ba ta motsa ba. Ta bi shi da tsinin allura tun daga yatsa, bai ce ya ji ba sai da ta kusa gwiwa. Ta tambayi sana'arsa. Da ta ji gam sai ta ajiye abin rubutu, ta tambaye shi ko yana shaƙa da gangan. Ya kawar da fuska zuwa bango. Ta ce ya yi haƙuri, kowa take tambaya. Daga nan ta koma tambayar ɗakin: girmansa, taga nawa, a tsaye yake aiki ko a zaune, da me yake wanke hannu. Ta ce su kawo mata ruwan nan a kwalba mai murfi, su dawo in an gama dubawa.

Ranar da suka koma, matarsa ta turo shi a keken guragu na asibiti. Likitar ta ce an duba ruwan, yawancinsa wani abu ne da ake kira heksan. Ta yi musu bayani a hankali, tana kallon fuskokinsu. Ta ce dangi ne babba, masana na ce musu alkan, duk daga ɗanyen mai suke fitowa, kuma duk abu biyu ne jikinsu, kabon da haidurojin, an jera su kamar sarƙa. Masu gajeriyar sarƙa su ne gas na girki, masu ɗan tsawo su ne fetur da kananzir, masu tsawo sosai su ne kakin kyandir. Wannan na tsakiya ne, sarƙarsa gaɓa shida, shi ya sa yake ruwa amma ba ya zama, kullum cikin tashi yake. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru, daidai inda mai 'yar tsugunno ke numfashi.

Yaya ya ce shi wuta kawai yake tsoro a jikinsa.

"Ba ka yi kuskure ba, wutar ma abin tsoro ce," in ji ta. "Dangin nan malalata ne. Ka zuba musu asid, ka zuba musu soda, ba ruwansu. Da ruwa ma ba sa shiri, maiƙo suke bi. Wuta ce kawai ke tashinsu da sauri. To amma in ya shiga jiki, hanta ba ta barinsa. Tana so ta mayar da shi abin da zai narke ya fita ta fitsari, sai ta ɗaura masa oksijin. Abin da ta mayar da shi ɗin, shi ne dafin. Shi ke cin jijiyoyi, ya fara da mafi tsawo, na ƙafa."

Ta ce ba wani maganin sha da zai cire shi. Maganin kawai a bar wurin. Ta kuma ce kada su yi mamaki, al'adar ciwon ce mutum ya ƙara lalacewa wata biyu ko uku bayan ya bari, kafin abin ya tsaya. Jijiya tana tsirowa, amma tafiyar hawainiya take yi, kuma ba lallai duka su dawo ba. Sannan ta tambaya ko wa ke zaune a ɗakin yanzu.

Likitar ta dubi hannuwan matar da ke riƙe da bayan keken, farare, busassu, masu tsagewa a gaɓoɓi. Ta ce ta zauna ta cire takalmi. Yaya yana kallo aka tsira wa matarsa allura a babban yatsa, fuskarta ba ta canza ba. Ashe ta kwana biyu tana jin safar nan, ta yi shiru.

A gida ya ce daga yau ta gama zuwa shagon. Ta ce aikin saura kaɗan, in ta tashi yanzu Auta zai ji kunya a gaban mutane, su kuma da ke cin abinci daga shagon me za su ci? Ta ce nata bai kai nasa ba, za ta riƙa fitowa shan iska. Ya ɗaga murya, abin da ba ya yi, ta tashi ta shiga kicin ta bar shi da muryarsa.

Ya aika aka kira Auta, suka zo tare da Inna. Ya maimaita abin da likita ta ce gwargwadon yadda ya riƙe. Auta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai ƙi ta likita ba, amma a duba: tun da Yaya ya bar shagon ciwon ƙaruwa yake yi, in gam ne ai da sauƙi ya samu. Yaya ya ce ta faɗi haka ma, haka ciwon yake. Auta ya ce to wannan wace irin magana ce, in ka warke gam ne, in ka ƙara lalacewa ma gam ne? Ya ce shaguna nawa ke aiki da ruwan nan a garin, shi kansa kullum yana shaƙarsa, ga shi garau. Yaya ya ce ai shi a bakin ƙofa yake wuni, iska na kaɗa shi.

"To wa ya rufe tagar, Yaya? Ni na ce a rufe?"

Gaskiya ce, kuma Yaya ya fi kowa saninta, ita yake juyawa a ransa tun daga asibiti. Inna ta ce su ji tsoron Allah, gam haɗa abu yake yi, kada su bari ya raba mata 'ya'ya. Auta ya ce a ba shi ɗan lokaci kaɗan, ana gama wannan aikin zai canza komai. Ya ajiye ledar kayan marmari da ya zo da ita ya fita.

Washegari matar ta shirya ta tafi. Yana kwance yana jin takunta a tsakar gida, yana auna shi da kunne kamar yadda yake auna bugun guduma. Kullum haka. Ba a jima ba ya fara jin ƙafarta ta dama tana ɗan ja. Ya ga ta ba babbar 'yarsu allura ta zura mata zare, ta ce wai idonta ne. Ya ga murfin tukunya ya faɗi daga hannunta, ta tsaya tana kallon hannun. In ya yi magana sai ta ce saura kaɗan.

Wata safiya bayan ta fita, yara sun tafi makaranta, ya ja jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa ya kira maƙwabcinsu. Ya roƙe shi ya samo mota ya kai shi shago. Mutumin ya so ya yi gardama, ya ga fuskarsa ya fasa. Shi da direba suka ɗauke shi kamar buhu suka ajiye shi a dakalin shagon, rana ta take, layi cike da mutane. Wasu rabonsu da shi tun yana tafiya da ƙafarsa. Mai faci ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Auta ya fito da sauri yana tambayar lafiya. Yaya bai kula shi ba. Ya kira mai walda ya ce ya kashe injinsa, ya tabbatar ba ƙarfe mai zafi a filin, sannan ya ɗauko abin ɓanɓara ya cire katakon tagar nan a hankali, ban da bugu. Mai walda ya dubi Auta.

"Ba shi za ka duba ba," in ji Yaya. "Ni na buga shi, ni na ce a cire."

Tun da aka buɗe shagon ba wanda ya taɓa jin ya ba da umarni a gaban Auta. Mai walda ya tafi ya kashe injin. Yaya ya ce wa mai ɗinki ta buɗe ƙofar tsakiya. Warin ya fito ya bi ƙasa ya same shi inda yake zaune, har mutanen da suka taru suka ja da baya. Can ciki, ƙarƙashin kwan lantarki, matarsa ce a kan 'yar tsugunno, buroshi a hannu, idanunta ja.

"Taso," ya ce.

Ta ce saura dozin kaɗan. Ya sake cewa ta taso. Ta ajiye buroshin ta yunƙura, ta koma. Ta dafa tebur da hannu biyu, ta sake yunƙurawa, gwiwoyinta na rawa, sai a na uku ta miƙe, ta tsaya tana riƙe da bango. Auta yana tsaye a tsakanin ɗakunan biyu yana kallo. Ya san wannan tashin, ya gan shi a wurin yayansa makonni kafin ya faɗi. Ya shiga ya kama hannunta ya fito da ita, ya zaunar da ita kusa da mijinta, ya koma ya rufe gwangwanin gam ɗin da kansa.

Ragowar aikin Auta ne ya ƙarasa shi a fili, ƙarƙashin rumfar kwano, da tsohon gam. Hannunsa ya manta aikin, ga jira. Lokaci ya wuce, makarantun suka karɓi abin da aka gama suka ba wani shago saura, ba su kuma dawowa ba. Mai ɗinki ta samu wani wurin ta tafi. Jarkokin da suka rage Auta ya mayar wa wanda ya sayar masa, ya gaya masa abin da ya faru. Mutumin ya ce shi ba wanda ya taɓa kawo masa ƙara, ya karɓa ya jera su cikin sauran. Likitar ta ce ta sanar da masu duba wuraren aiki. Sun zo sau ɗaya, suka tarar da taga a buɗe, ɗaki ba kowa, suka tafi.

Matar ita ma sai da ta ƙara yin ƙasa kafin ta tsaya, kamar yadda aka faɗa. Akwai lokacin da su biyu ke zaune a ɗaki ɗaya, babbar 'yarsu na girki da wanki kafin ta tafi makaranta, har ta maimaita aji. Daga baya uwar ta tashi. Ta dawo tana komai nata, sai dai ba ta iya sauri, kuma yatsun ƙafarta ba su sake sanin sanyi da zafi ba.

Na Yaya ya fi shekara. Hannun ya dawo har ya iya cokali da maɓalli, amma bai kai ga guduma ba. Ƙafar ta tsaya a rabin hanya. Mai walda ya ƙera masa wani abin dogarawa na bututun ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya kawo har gida, ya ajiye ya kasa haɗa ido da shi. Auta yakan zo ƙarshen mako da cefane, ya zauna su yi hirar tsadar fata da ciwon bayan Inna. Ɗakin baya kuwa ba wanda ke ambatarsa. A layi har yanzu akwai masu cewa ai shaye-shaye ne ya kwantar da shi, matar ma shi ya koya mata.

Da ya fara iya fita, sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Yakan sa a sauke shi a unguwar masu takalma, ya bi shaguna da ƙarfensa, ƙwas, ƙwas, yana leƙa ɗakunan baya. Ko bai ga jarka ba hancinsa na gaya masa. Sai ya yi sallama ya nemi mai shagon, ya nuna ƙafafunsa, ya faɗi abin da likita ta ce game da hanta da jijiya da tururin da ke bin ƙasa. Wani tsoho ya saurare shi, ya fito da teburinsa waje tun a ranar. Wasu sukan ba shi kujera da ruwa, su ce Allah ya sawwaƙe, hannunsu bai daina shafa gam ba. Wasu sukan ce maigidan ba ya nan.

A wani shago a ƙarshen layi ya tarar da wani magidanci yana lissafin kaya a bakin ƙofa, bayansa mutum uku a durƙushe a ɗaki marar taga. Yaya ya fara bayani, numfashinsa na sama-sama saboda tafiya. Mutumin bai ɗago sosai ba. Ya ga ƙarfen, ya ga ƙafafun, ya sa hannu a aljihu ya miƙo masa sadaka, ya ce Allah ya ba da lafiya, Baba. Yaya ya dubi hannun. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba, ya sake farowa daga farko. Mutumin ya ce ya ji, zai duba, ya juya ya kira ɗaya daga cikin mutanen ɗakin ya zo ya ƙirga kwalaye.

Yaya ya ɗan ƙara tsayuwa. Ƙafafun sun gama na ranar, sun fara rawa. Ya ja ƙarfensa zuwa inuwar wani kanti da ke rufe, ya zauna a dakali yana jiran motar da za ta mayar da shi gida.